Tambaya da Amsa: Wai kafe na sa shuka saurin girma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ni matar aure ce a Garin Malam nan Damagaram, ina da ƴar garka bayan ɗaki, tumatir da salati da yakuwa cikin tsofaffin bokitai. Yarona ne ya nuna mini bidiyo a Facebook wai in ana zuba ma shuka kafe tana saurin girma kamar yadda yake wartsake mutum, to sai na riƙa juye musu ragowar Nescafé na maigida da safe, har guggubin kafe na gari wanda maƙwabtanmu ke dafawa na roƙo na barbaɗa. Yanzu salatin da na yafa rabi bai fito ba, ganyen tumatir ya koma ɗorawa, ga tururuwa ta cika wurin. Don Allah kafen ne ko wani abu ne daban?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, mai raya garka a garin nan da wahalar ruwanmu ai ta cancanci a gaishe ta. Ki dakata da zuba kafen nan daga yau.

Abin da ke wartsake mutum cikin kafe sunansa kafeyin, shi ne dai ke cikin goro da ganyen shayi, kuma a ƙwaƙwalwa yake aikinsa, yana hana ta jin gajiya. To shuka ba ta da ƙwaƙwalwa balle barci ya kama ta, don haka babu abin da zai farkar. Itacen kafe, wanda asalinsa ƙasar Habasha ne, yana yin kafeyin ne don kare kansa, ƙwaro in ya ci ganyen ya ji a jikinsa, sannan ganye da ƴaƴan da suka zuba ƙasa suna sakin sinadarin cikin ƙasa ya hana irin wasu tsirrai tsirowa kusa da shi, saiwar da ta fito ma ya tauye ta ta kasa miƙewa. Kin ga yadda hatsi ke yin kyau ƙarƙashin gawo wajen Matamaye da Magarya? To itacen kafe akasin haka yake ma ƙananan tsirrai, ba ya son maƙwabci. Shi ya sa ban yi mamakin salatinki ba, iri mai shirin tsirowa da ɗan dashe su suka fi jin jiki.

Ba zancen baki ba ne, an gwada. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, masu bincike a jami'ar Melbon ta Ostareliya suka gauraya guggubin kafe da ƙasa iri-iri, har da mai rairayi irin tamu, suka shuka abu biyar ciki har da radi da burokoli, kuma duka biyar ɗin girmansu ya ragu. Amfanin da aka samu kawai shi ne ƙasar ta fi riƙe ruwa kuma haki ya ragu, to amma abin da ya danne haki ai shi ne ya danne shukar.

Masu bidiyon nan ba ƙarya zalla suka yi ba, rabin magana suka faɗa, kuma wallahi abin na ba ni haushi don talaka ne ke asarar irinsa da ruwansa. Gaskiya ne guggubin kafe na da azot, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wajen kashi 2 cikin 100, shi kuwa farin takin zamani ure kashi 46 gare shi. Kuma ko wannan kaɗan ɗin a ɗaure yake, sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun ruɓar da shi tukuna shuka ta samu, kuma lokacin da suke wannan aiki su ma azot suke ci, sai su janye na ƙasar, a bokiti kuwa da ƙasar ba ta da yawa nan da nan sai ki ga ganyen ƙasa-ƙasa ya fara ɗorawa. Ga shi kuma garin da laushi, in ya bushe a ranar Damagaram sai ya yi ɓawo a sama, ki zuba ruwa ya gangare gefe bai shiga ba.

Ragowar Nescafé kuwa ta fi muni, don ba kafe kaɗai ba ne, akwai sukari da madara, su suka kira miki tururuwa, kuma suna sa ƙasa ta yi funfuna da tsami.

Ki kankare saman ƙasar kamar kaurin yatsa biyu ki zubar, ki duba ko gindin bokitin na da huji, ki ba shi ruwa tsabtatacce sosai sau ɗaya ya wanke ya fita ta ƙasa, sannan ki sa ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu. Tumatir ɗin in Allah ya so zai farfaɗo. Salati kam ki sake yafa sabo cikin sabuwar ƙasa. In ganyen bai gyaru ba bayan sati biyu ki juya bayansa ki duba ko da ƙwari, don ba kowace ɗorawa ce ta kafe ba.

Guggubin kuma kar ki ce ma maƙwabta su daina ba ki. Ki zuba shi ramin taki tare da kashin dabbobi, busasshen ganye da ɓawon kayan miya, kar ya wuce kashi 1 cikin 5 na tarin, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa har wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasa. A lokacin ƙananan halittun nan sun cinye yawancin kafeyin ɗin, sai ki sa ma shukarki hankali kwance.

TAMBAYA: Malam mu ƴan fada ne a Birni, kullum muna zubar da tuƙar ganyen shayi gindin wani ɗan mangwaro da muka dasa. Akwai illa?

AMSA: Samari, Allah ya yi albarka da dashen itace. Shayin da aka dafa na ɗaya, na biyu har na uku, yawancin kafeyin ɗinsa ya tafi cikinku don ruwan zafi na fitar da shi da sauri, kuma itace mai saiwa a ƙasa ya fi salatin bokiti juriya nesa ba kusa ba. Damuwata sukarin ne da ke manne da ganyen. Ku ɗauraye shi, ku baza shi nesa da jikin itacen kamar taku ɗaya, kar ku tara shi tuli a gindi, in da hali ku gauraya da ɗan takin awaki ku rufe da ƙasa.