Tambaya da Amsa: A ina zan ɗaura lagireton kwamfutata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa bidiyon biki, da daddare kuma nakan ɗan taɓa gem. Watan jiya na sayi na'urar sanyaya firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai ruwa, irin wadda take zuwa a rufe, mai fanka biyu. Wanda ya haɗa mini ya ɗaura lagireton a ƙasan akwatin kwamfutar, ya ce ai ruwa gangare yake bi. Tun ranar nake jin ƙara kamar ana kurkure baki, zafin firosesa kuma yana hawa yana sauka. Akwatina yana da gurbi a sama da kuma gaba. Ina zan mayar da shi? Fankokin kuma ciki za su hura ko waje? Daga mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka dakatar da aiki mai nauyi a kanta har sai ka sauya wa lagireton nan wuri, domin ƙarar da kake ji kukan famfo ne.

Maganar gangare ba ta shafi wannan na'ura ba. Ruwan da ke ciki zagaye yake yi a rufe, famfo ne ke tura shi, kuma a yawancinsu famfon yana cikin ɗan kwanon da ke zaune a kan firosesa. Abin da mai haɗawar ya manta shi ne iska. Babu irin wannan na'ura da ke fitowa daga kamfani cike taf; akwai 'yar iska a ciki, kuma tana ƙaruwa da shekaru saboda ruwan yana tsatsafowa a hankali ta jikin tiyo. Iska kuwa wuri mafi tudu take nema ta zauna. Da aka sa lagireto a ƙasa, famfo ya zama shi ne a sama, duk iskar ta taru a kansa. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san yadda injin ban ruwa yake yi in ya sha iska: yana ta gurnani, ruwa na zuwa yana yankewa. To, nan ma haka ne, ga shi kuma ruwan nan shi ne man da famfon yake juyawa a ciki. Bara an kawo mini wata kwamfuta shago da irin wannan haɗi, wata bakwai kacal da saye, famfon ya riga ya mutu. Na ji zafin abin, don mai ita sai da ya sayar da babur ɗinsa ya haɗa ta.

Ƙa'idar da nake bi guda ce: wani sashe na lagireto ya fi famfo tudu. In ka ɗaura shi a rufin akwati, magana ta ƙare, iska za ta kwanta a can sama ba ta dami kowa ba. In a gaba ne a tsaye, ya fi kyau bakin tiyo ya kalli ƙasa, iskar ta taru a ɗaya ƙarshen. Sau da yawa tiyon ba ya kaiwa, ko katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kake gani a fuskar kwamfuta, ya tare hanya. Kada ka ja shi da ƙarfi. Tiyo a sama ma yana aiki muddin saman lagireton ya wuce famfo, sai dai bayan 'yan shekaru za ka fara jin 'yar ƙarar ruwa.

Tsakanin sama da gaba, nan ne mutane suka fi musu. Lagireto a gaba yana shan iskar ɗaki kai tsaye, firosesa ta fi samun sanyi, amma iskar da ta ɗumama ta ratsa shi ita ce za ta isa katin hoto. A sama kuwa katin ne ke fara shan iska mai sanyi, lagireton ya karɓi wadda katin ya riga ya ɗumama. Bambancin digiri kaɗan ne ta kowane ɓangare. Katin hoto matsakaici na zamanin nan yana cin wat 200 ko fiye in ana gem, sau da yawa fiye da firosesar, kuma manhajojin haɗa bidiyo su ma suna jingina da shi sosai. Don haka ni sama nake zaɓa maka, fankokinsa biyu suna fitar da iska waje.

Ina da dalili na biyu, kuma a wurina ya fi na farko nauyi: ƙura. Ka duba tsagin lagireto da kyau, siririn ƙarfe ne a jere, ƙunci kamar haƙoran matsefi. In shi ne a bakin ƙofa lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin ka ankara ya toshe kamar an shimfiɗa masa bargo. In yana sama yana fitarwa, iskar da za ta same shi ta riga ta bi ta ragar tace ƙura da ke gaban akwati an tace ta.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ɗauko abin awo. Naka mai fanka biyu shi ake kira 240, wato fanka biyu masu milimita 120. Kaurinsa yawanci milimita 27 ne, fanka 25, jimla 52. Wani lagireton ya fi 27 kauri, kamar na samfurin Arctic Liquid Freezer mai milimita 38. Ka auna daga rufi zuwa kan ram (sandunan memori da ke tsaye kusa da firosesa) da ƙarafan da ke saman madabod (babban allon da ake dasa komai a kansa), don a nan ake yawan karo. Ka kuma fara cusa wayar wutar firosesa da ke kusurwar sama, in ba haka ba lagireton zai rufe wurin, hannunka ba zai shiga ba.

Sauran fankoki: na gaba su shigo da iska, na baya guda ɗaya ya fitar. Gefen fanka da ke da sandunan roba da suka riƙe injinsa, ta nan iska ke fita, kuma da yawa suna da 'yar kibiya a jiki. Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita yawa. In fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙar iska ta kowace ɓaraka da ba ta da raga, ƙura ta biyo. Sa fanka uku a gaba, ka ɗan ƙara musu gudu a saitin madabod. Yadda nake gwadawa a shago: in kunna turaren tsinke in kai shi kusa da ramukan baya, ƙasa da katin hoto. In hayaƙin ya kauce waje, daidai ne. In ya shige ciki, a ƙara wa na gaba gudu. Idan fuskar akwatinka gilashi ne rufe ruf, da 'yan ramuka a gefe kawai, fankokin suna wahalar banza. Mai fuskar raga nake ba kowa shawara ya saya a ƙasar nan.

Bayan ka mayar da shi sama, ka tabbata wayar famfo tana kan gurbin da aka rubuta AIO_PUMP, yana gudu sosai ba tare da hawa da sauka ba. In ka ɗaga kwanon daga kan firosesa, goge tsohon man da ake shafawa tsakanin kwanon da firosesa ka sa sabo. Kunna ta, ka ɗan karkata akwatin a hankali gaba da baya, iskar ta haura. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙarar ya kamata ta ɗauke. In ta koma kamar ana niƙa tsakuwa, famfon ya ji rauni, ka mayar wa mai shago tun garanti bai ƙare ba.

Kada kuma ka tayar da hankalinka da lambobin da kake gani a YouTube. Masu gwajin nan a ɗaki mai sanyin digiri 21 zuwa 23 suke aiki. Ruwa ba ya sanyaya komai ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki, kai kuwa a watan Afrilu ɗakinka yana iya kai 37. In kana fitar da bidiyo ka ga zafin firosesa ya kai digiri 80 ko 85, ba lalacewa ba ce. Yawancin firosesocin Intel iyakarsu 100 ce, firosesocin Ryzen 7000 kuma an yi su ne su iya kai 95. Ɗaga akwatin daga ƙasa, kada ka cusa shi cikin kabad, ka bar masa sarari kamar taƙi ɗaya a sama. Da hunturu ka wanke ragar gaba duk mako, ka hure lagireton duk wata, kana riƙe da fukafukan fanka da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima.

TAMBAYA: Malam, tawa na'urar sanyayawar ta shekara shida, ina jin ruwanta ya ragu. Zan iya buɗewa in ƙara mata fiya wata? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: A'a, ɗan'uwa, kada ka zuba. Abin da ke ciki ruwa ne da aka gauraya da sinadarin hana tsatsa, saboda kwanon tagulla ne, lagireton kuma alminiyam, in suka haɗu a ruwan sha sai su ci juna, datti ya toshe tsagin kwanon. Shekara shida ta yi maka aikinta. Sauya ta, in kuma kuɗi bai kai ba ka sayi babbar mai sanyayawa ta iska, mai hasumiya biyu. Ba ta da famfo, fanka kawai za ka riƙa sauyawa.