Amsar Baffa kan Maganar Tsaraba

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso tun daren Talata, ƙanwarka ta kunna mini na saurara har sau biyu. Ka ce za ka je Kano Babbar Sallah, kana tambaya ko dole ne sai ka yi dakon tsaraba, tunda kana iya tura wa kowa kuɗi ta waya ka hau mota da 'yar jakarka. Ka ƙara da cewa duk abin da ke kasuwar Balogun ta nan Legas akwai shi a Kantin Kwari. Wannan kam gaskiyarka ce, wani kayan ma ya fi sauƙi a can. Amma da a ce don rashin kaya a Kano ake kai tsaraba, ai da tuni ta mutu.

Bari in fara raba maka kalmomin, don na lura ku yaran yanzu kuna cakuɗa su. Guzuri shi ne abin da mutanen gida ke haɗa wa mai tafiya ya ci a hanya. Sautu kuwa kuɗi ne wani ya ba ka ya ce ka sayo masa abu kaza, wannan amana ce, ko canjin naira hamsin ya rage sai ka mayar. Tukuici na ɗan aike ne, yaron da ya kai kwano maƙwabta. Tsaraba ita ce wadda babu wanda ya ce ka sayo, kai ne ka tuna da mutum kana can nesa, ka sa hannu a aljihunka. Kuɗin da za ka tura wa mahaifiyarka ta sayi shinkafa da mai, wannan hakki ne a kanka, ka tura, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ba sunansa tsaraba ba.

Na zo Ikko, wato Legas, a 1974, lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi na ta lissafi da fam da sule, fam ɗaya naira biyu, sule kobo goma. A jirgin ƙasa na zo, daga Kano muka bi Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, muka haye gadar Jebba ina leƙen ruwa ta taga gabana na faɗuwa, sai Ilorin, Offa, Ibadan, har tashar Iddo. Daren da zan taso, Iya, abokiyar zaman kakarka, ita ta kwana tana soya mini zabo, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da dakuwa a tsumma. Inna kuwa, saboda kunyar ɗa, ko kallona ba ta yi sosai ba, addu'a kawai ta yi ta shige ɗaki. Zabon nan bai ƙare ba sai da muka wuce Offa.

A Zangon Agege na sauka, gidan wani mai masauki dillalin goro. Aikina tsintar goro, in ware wanda sankara ta taɓa, in ware marsa daban minu daban, in canza ganye, in yayyafa ruwa, a ɗaure huhu a loda wa 'yan Arewa. Goron nan ne ya tara Hausawa a Agege tun kafin a haife ni, ba burodin da kuke yi wa kirari ba. Shekara biyu ban je gida ba. Da na tashi tafiya a 1976 sai na shiga Balogun na zaɓo turmin atamfa mai tsada, wanda ya cinye kusan rabin abin da na tara, na Inna. Kakanka Malam na ɗaure masa ƙwarya biyu ta farin goro da hannuna, ɗari biyu cif. Yara alewa da biskit. Ni kaina na sayi rediyo na rataya a kafaɗa, don duk unguwa a san ɗan Ikko ya dawo.

Ka san yadda ake yi, ko da yake wataƙila ba ka taɓa lura ba. Matafiyi ba ya raba tsaraba da kansa. Bayan an ci abinci an huta, sai ka kai kayan gaban babbar gida ka kwance, ita ta san wa ya yi haihuwa ba ka nan, wa aka yi wa rasuwa, wace maƙwabciya ce ta riƙa aiko da koko lokacin da aka kwanta ciwo. Na kwance kaya a ɗakin Inna ina ta baza baki. Ta ɗaga atamfar ta shafa, ta ce, "Ina na Iyarka?" Wallahi sai a lokacin na tuna. Gumi ya keto mini. Ba ta yi faɗa ba, ko ɗaga murya. Ta ninke turmin nan yadda yake, ta ɗora mini a hannu ta ce in kai ɗakin Iya, in durƙusa in ce ga tsarabarta. Na ce, "Inna, ke fa?" Ta ɗauki goro biyar cikin na Malam ta ce wannan ya ishe ta.

Iya ta yi ta guɗa tana shi mini albarka. Ranar Sallah ta ɗaura atamfar, Inna ta ɗaura tsohon zaninta. Na yi shekaru ina zaton asirina a rufe yake. Sai ranar sadakar bakwai ɗin Inna, Iya ta kira ni gefe tana hawaye ta ce tun a daren ta gane, don launin da Inna ke so ne, ba nata ba. Ta karɓa ne don kada ta kunyata ni, ta kuma yi shiru don kada ta ɓata wa Inna kyautarta. Rediyon nan kuwa ko shekara bai yi ba ya lalace, ban ma san inda ya ƙare ba.

To ka gani, ɗana, abin da ake dubawa a tsaraba shi ne wa ka tuna, wa ka manta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mu riƙa yi wa juna kyauta za mu so juna, ya kuma hana mace raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Kuɗin waya yana shiga asusun mutum ɗaya, shi kaɗai ya sani. Sabulu guda shida da ledar alewa suna zaga gida huɗu, yara su kai, su samu tukuici, tsofaffi su aiko a ce kana gaishe su, gobe ka bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda zumunci a ƙafa yake. Tsohuwar da ke ƙarshen lungunku ba ta da asusun banki, amma tana da bakin addu'a.

Akwai kuma inda nake bayanka. Mutanenmu sun ɓata abin da gasa. Na san magidanta a Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba da suka shekara biyar, shida, ba su taka gida ba, wai kunyar zuwa hannu rabbana. Wani har uwarsa ta rasu bai gan ta ba saboda turmin atamfa. Wannan wauta ce, kuma masu tsegumin "me ya kawo" suna da nasu alhakin. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin hayarka. In abin da kake iyawa burodi uku ne da kwakwa, ɗauki su ka tafi, ganin fuskarka ya fi.

Ka zauna da takarda ka rubuta sunayen mutanen gida tun daga kan tsofaffi, ka kira ƙanwar mahaifiyarka ta duba maka ko ka tsallake wani. Matan babanka kuma ka daidaita su, iri ɗaya, launi kawai ya bambanta. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka biyo ta Agege, na ware goro ƙwarya ɗaya na yayana, da galan na manja da Goggonka ta ce a kai wa Hajiya, ka sa shi cikin leda biyu kada ya ɓata maka kaya. Zan kuma ba ka sautun daddawa da kuka, ta Legas ba ta yi mini daɗi a miya.

Ka gaida abokan aikinka.

Baffanka