Filin Tambaya da Amsa: Ganye, Saiwa da Ma'auni

Tambaya: Ina so in riƙa haɗa wa iyalina ɗan jiƙo na ganyayyakin da muke samu a kasuwar Dole, amma kowa da irin nasa bayani. Wasu su ce a tafasa, wasu su ce a jiƙa. Wanne ne daidai? (Wata uwar gida, Birni, Damagaram)

Amsa: Hajiya, duka biyun daidai ne, abin da aka ɗauko daga jikin itacen shi ke raba gardama. Ganye da fure, irin su na'a-na'a da zoɓo, ba sa son daɗewa a wuta. Ki tafasa ruwa, ki sauke, ki zuba ƙaramin cokali 1 na busasshe a kofi 1, ki rufe minti 10, ki tace. Rufewar nan ba ado ba ce: man da ke ba na'a-na'a ƙamshi tururi yake bi ya gudu. Saiwa da sassaƙe kuwa, kamar citta, sai an daddaka an bar su a ƙaramar wuta minti 15 zuwa 20.

Zogala ita ce aka fi ɓatawa. Ana shanya ta a tsakar gida, rana ta cinye sinadarin bitamin A da C, ganyen ya koma ruwan ƙasa. A inuwa ake shanyawa, kan tabarma mai tsabta, inda iska ke shiga. Da hunturu kwana 3 ko 4 sun isa. In ta bushe tana nan kore shar, a daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Ki fara da rabin ƙaramin cokali cikin kunu ko miya bayan an sauke, don yawanta da farko yana sa zawo. Mai juna biyu ta tsaya ga ganyen a abinci, kada ta taɓa saiwar ko ɓawon.

Kuma a zafin Afrilu da Mayu, jiƙon da ya kwana a waje a zubar da shi kawai.

Tambaya: Ina shan ƙwayar hawan jini. An ce zoɓo zai iya maye gurbinta. (Wani malamin makaranta, Mirriya)

Amsa: Malam, ba zai iya ba. Zoɓo yana ɗan sauke jini, amma kaɗan ne. Kofi 1 ko 2 a yini ba laifi, sai dai ka gaya wa likitanka, don haɗuwarsa da ƙwaya kan sa jiri idan an miƙe tsaye. Wanda ake cika wa sukari ana sayarwa a leda, wannan abin shan daɗi ne. Kada kuma a jiƙa shi cikin tukunyar dalma, tsaminsa yana cin ƙarfen ya shiga ruwan.

Tambaya: Duk lokacin da cikina ya ɗaure filasko nake sha, yanzu in ban sha ba ba na fita. Jaririna ma kakarsa tana so a ba shi dauri. (Wata mai jego, Zongo)

Amsa: Baiwar Allah, filasko tsokanar hanji yake yi ya matsa da ƙarfi, shi ya sa yake murɗa ciki, kuma sai bayan awa 6 zuwa 12 yake aiki. Da yawa suna ƙarawa don sun ga shiru, daga baya zawo ya kwashe musu ruwa da gishirin jiki. Bai kamata a wuce mako 1 ana shan sa ba. Ki janye a hankali, ki koma jiƙon tsamiya da safe, miyar kuɓewa ko lalo, wake, da ruwa mai yawa tunda kina shayarwa. In akwai ciwon ciki mai tsanani, amai ko jini, gidan likita za ki nufa.

Batun jariri ba sassauci. Kafin wata 6, nono kaɗai: ba dauri, ba ruwa. Zuma sai ya cika shekara 1. Hantarsa da ƙodarsa ba su yi ƙwarin tace waɗannan saiwoyi ba, ruwan jiƙon ma yana iya kawo gudawa. Ki lallaɓa Iya, ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin ungozoma.