Amsa ga tambaya kan farin ciki mai ɗorewa

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa farin cikinki yake gushewa da zarar an tashi daga sujada ranar Lahadi. Ni ma na sha wannan a shekarar da kasuwancina ya durƙushe a Sabon Tasha. Abin da ya riƙe ni shi ne Filibiyawa 4:11, aya daga wata wasiƙa a Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus, yana tsare a kurkuku, ya ce ya koyi wadar zuci a kowane hali. Ki lura, koya ya yi, ba dare ɗaya ya same ta ba. Ki riƙa karanta wasiƙar nan, sura huɗu ce kawai, kuma kada ki ƙaurace wa zumuntar mata, domin addu'arsu ce ta tallafe ni lokacin da na kasa yin tawa.