Antibayotik a gidan kaji da cutar da ke gagarar asibiti

Tambaya: Duk mako nakan zuba wa kajina antibayotik a ruwan sha don rigakafi, ko da lafiyarsu ƙalau. An ce wannan na ƙara cututtukan da ba sa jin magani a asibiti. Me ya haɗa kaji da asibiti?

Amsa: Malam, hanjin kaza ne ya haɗa su. Idan ka ba lafiyayyar kaza maganin, bakteriya masu rauni ne ke mutuwa, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. Taurin kan yana cikin ƙwayar gado, sau da yawa a kan wani ɗan zobe da ake kira filasmid, kuma bakteriya na miƙa wa juna shi ko da jinsinsu ba ɗaya ba ne. Daga kaza sukan kai ga mutum ta nama ko kashi. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano irin wannan ƙwaya, mcr-1, a aladu da ɗanyen nama da kuma majinyata. Ita ke hana wani antibayotik mai suna kolistin aiki, alhali yana cikin magungunan da likita ke komawa gare su idan sauran sun gaza. A 2017 Sin ta haramta sa shi a abincin dabbobi don ƙiba.

Saboda haka ka daina wannan zubi na mako-mako. Cututtukan kaji irin su Nukasil da Gumboro bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya taɓa su, rigakafinsu a kan lokaci ne mafita. Ka riƙa wanke mashaya kullum, shimfiɗa ta zama busasshiya. In ciwo ya shigo, likitan dabbobi ya duba tukuna, a auna magani daidai da nauyin kajin, a cika kwanakin da ya rubuta. Auna garin magani da ido shi ke jawo raunin magani. Kada a sayar da ƙwai ko nama sai wa'adin jira bayan shan magani da ke jikin kwalin ya cika.

Tambaya: Kashin kajin da suka sha magani fa, zan iya zuba shi a lambu?

Amsa: Hajiya, ba ɗanye ba. Kaso mai yawa na maganin yana fita a kashi, tare da bakteriyar da ta saba da shi. Ki tara shi da busasshiyar ciyawa, ki jiƙa kaɗan, zafin tsakiyar tsibin ya kai digiri 55 a ma'aunin Salsiyas na tsawon kwana 15, ana juyawa sau 5 domin gefen ma ya dahu. Wannan yana rage su sosai, amma ba ya share ƙwayoyin gadon duka. In dole sai ɗanye, ki cuɗa shi da ƙasa kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma tsibin ya yi nesa da rijiya.