Tifa 336 ko 371: amsa ga ɗan'uwan da dillali ya ce masa inji ɗaya ne

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin na san wannan magana da bakin da take fitowa. Ka ce an nuna maka tifa biyu ƙirar HOWO, ɗaya mai ƙarfin doki 336 ɗaya 371, mai sayarwa ya ce duk inji ɗaya ne, lamba ce kawai ta bambanta, kuma aikinka ɗibar yashi ne daga kogi da jigilar tsakuwa.

Abin da ya sa maganar ke shiga kunne shi ne akwai gaskiya a cikinta. Duka biyun injin WD615 ne, silinda shida, lita 9.7. Amma saitin famfon gas da yawan iskar da turbo ke turawa ba ɗaya ba ne. Ƙarfin murɗawar 336 wajen 1350 Nm (ma'aunin murɗawa) ne, na 371 wajen 1500, kuma dukansu suna ba da shi ne tsakanin juyi 1100 zuwa 1600 a minti ɗaya a agogon inji. Wannan murɗawar ita ce direbobi ke ce wa ja, ita ke tayar da mota daga tsaye da lodi a bayanta. Ƙarfin doki kuwa murɗawar ce aka ninka da saurin juyin inji, shi ya sa cikakkiyar lambar nan ta 371 ba ta fitowa sai wajen juyi 2200, inda babu direban kirki da ke zama. Amfanin doki shi ne riƙe gudu idan mota ta riga ta miƙa, kamar a hanyar Zariya ko ta Abuja.

Ni an sayar mini da tifa mai 371 manne a ƙofa, na biya kuɗin 371. Wanda ya kawo mini ita ba baƙo ba ne, yaya nake ce masa, sahu ɗaya muke bi a masallaci. Filina na Rigasa a Kaduna na sayar na cika kuɗin. Ya sa aka yi mata sabon fenti, muka gwada ta fanko daga Mando zuwa Kawo, tana tashi kamar ba gobe. To wace mota ce ba ta da ƙarfi in babu kaya?

Damina na sauka yashi ya jiƙe, nauyinsa ya ƙaru. Wata safiya direbana ya kira ni muryarsa na rawa. Na isa bakin kogi na tarar da ita tsaye a tsakiyar hawan fitowa, giya ɗaya ce a ciki amma ta ƙi gaba, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin kuloci ya cika wurin. Yaron mota, yaro ƙarami wanda uwarsa ta ba ni amana, yana durƙushe a bayan taya yana cusa dutse, motar kuma tana ɗan zamewa baya. Da dutsen nan ya kuɓuce, me zan je in gaya wa uwarsa? Tifofi sun yi layi a ƙasa ana ta danna oda. 'Yan lodin da na biya suka loda, su na sake biya suka sauke rabin yashin da shebur, ina tsaye kowa na kallona. Wallahi har yau in na ji warin kuloci sai cikina ya juya.

Wani dattijon bakanike daga Panteka ne ya jiƙa tsumma da gas ya goge farantin da ke jikin injin. WD615.69 aka rubuta, wato 336. Na 371 WD615.47 ake rubutawa. Ban da haka injin ya gaji, da ya buɗe murfin zuba bakin mai sai ga hayaƙi na fitowa fuf-fuf, ringi sun tafi. Na je wurin mutumin nan, ya ce shi ma haka ya saye ta. Na koma, ya ce in ɗauka ƙaddara ce. Daga baya ya daina ɗaga wayata, in mun haɗu a ɗaurin aure ya miƙo hannu yana tambayar iyali kamar ba abin da ya faru. Ba kuɗin kaɗai ke ci mini rai ba, yayan da na riƙa kiransa ne. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Kada ka ɗauka ina kushe 336. Lafiyayyar 336 ta fi 371 da ta gaji nesa ba kusa ba. Ka tuna Benz 911 ta iyayenmu, lita 5.7, dokinta bai wuce 130 ba, Hilux mai fetur 2.7 ma ta fi ta doki, amma wa zai ɗora wa Hilux lodin 911? Giya da aksil ke ninka murɗawar inji kafin ta kai taya, kamar yadda kake zura bututu a sifana in notin taya ya ƙi kwancewa: ƙarfinka bai ƙaru ba, tsawon ne ya yi aikin. Don haka ka tambayi lambar aksil, wato yawan ninkin da yake yi wa murɗawar. Aksil ɗin kan tirela na gudu ne, in aka sa wa tifa shi za ta wahala a rami ko da dokinta 420 ne.

Girman inji ma yana da ranarsa. Babban inji yana ba da ja tun juyi na ƙasa ba tare da an matse shi ba, shi ya sa masu DAF XF105 mai lita 12.9 ke hawa Hawan Kibo hankali kwance. Amma kai kogi za ka, kuma kayan gyaran WD615 sun fi sauƙin samu a garin nan.

Sannan direba. Don Allah ka samu wanda ke kallon agogon inji, ba mai jin kunyar sauke giya ba. Wasu sai allura ta faɗi ƙasa da 1000 mota na kakari sannan su nemi giya a tsakiyar hawa, nan kuloci ke mutuwa. Kuma kada ka bari wani ya ce zai buɗe maka famfo ta zama 371, hayaƙi da zafi da shan gas kawai za ka saya. Lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska, ƙura na toshe ta mota ta rasa ja ka ɗauka inji ne.

In lafiyarsu ɗaya kuma aljihu zai ɗauka, ni 371 zan ce maka saboda jiƙaƙƙen yashi. Amma kada ka ba da ko sisi sai ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, an loda ta taf an fito da ita daga ramin da za ta riƙa aiki. In ya ƙi yarda a loda, ka kama gabanka. Ka ɗauki hoton farantin injin kowace ka turo nan mu duba maka.