Hoton MRI zai iya faɗin irin ƙarin da ke ƙwaƙwalwa tun kafin tiyata?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Tudun Wada a Kaduna nake. Ƙanena ɗan shekara 34 ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, da aka yi masa MRI sai aka ga ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Likita ya ce da alama mai IDH ne, wai ya fi sauƙi. To tunda hoto ya riga ya nuna irinsa, me ya sa za a buɗe masa kai? Ba za a ba shi magani kawai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki riƙe kalmar da likitan ya faɗa: da alama. Hoto hasashe yake bayarwa, tabbaci kuwa sai an ciro tsoka an gwada.

IDH wani sinadari ne da ƙwayoyin jikin kowa ke aiki da shi. A 2008 aka gano cewa a wasu ƙararrakin da ake kira giliyoma, ƙwayar gadon da ke samar da shi ta sauya; irin wannan ƙari ne ake ce wa mai IDH. Masu wannan sauyi galibi ba su manyanta ba, jijjiga ce kan fara kai su asibiti kamar ƙanenki, kuma ƙarin bai cika gaggawar girma ba. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi ginshiƙin raba giliyomar manya. Sauƙin da aka ce miki a kwatance ne da ɗaya nau'in, wanda ba shi da wannan sauyi. Wannan ma ciwo ne da ba a wasa da shi.

Abin da muke dubawa a hoto shi ne wurin da ƙarin ya zauna, da ko ya sha ruwan allurar da ake yi don haska shi. Mai IDH ya fi son ɓangaren goshi, kuma sau da yawa ba ya shan ruwan. Akwai wata alama da aka bayyana a 2017 wadda na fi yarda da ita, ana ganinta idan aka kwatanta hotunan MRI iri biyu, T2 da FLAIR: a hoton T2 ƙarin ya fito fari fat gaba ɗaya, a hoton FLAIR kuma tsakiyarsa ta yi duhu, farin ya rage a baki-baki kamar zobe. Idan ta fito sarai a babban mutum, da wuya ta yi ƙarya. Sai dai da yawa daga masu IDH ba sa nuna ta, don haka rashinta ba ya kore komai. Akwai kuma awon da ke neman sinadarin 2HG da irin wannan ƙari ke tarawa, amma yana buƙatar na'ura mai ƙarfi da ƙwararru, cibiyoyi ƙalilan ke yin sa.

Za ki ji ana ta zancen ƙirƙirarriyar basira, wato kwamfutocin da ake horarwa su gane irin ƙari daga hoto. A kan IDH ta yi abin a yaba a bincike. A kan MGMT kuwa, alamar da ke nuna ko maganin kansa mai suna temozolomide zai kama, an yi gasa ta duniya a 2021, waɗanda suka zo na ɗaya ma da kaɗan suka fi canki-canka. Ga shi kuma yawancin hotunan da ake horar da kwamfutocin daga Amurka da Turai suke.

Mu nan muna da wani dalilin kuma na ciro tsoka a gwada. Tarin fuka kan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa ya yi kama da ƙari, haka ma ƙurji mai mugunya. Ba a yi wa mutum gashi da na'ura ko a ba shi kemo, wato maganin kansa, a kan zato.

Ita tiyatar ma magani ce. A ƙari mai IDH, gwargwadon abin da aka iya cirewa ba tare da an taɓa magana ko motsi ba, gwargwadon alfanun da ake sa rai. A nan hasashen hoton ke da amfani: yana taimaka wa likitan tiyata ya tsara ko zai cire da yawa ko ɗan ƙanƙani zai ɗebo. Ko vorasidenib, ƙwayar maganin da Amurka ta amince da ita a 2024 don wannan nau'in, sai bayan tiyata da tabbacin gwaji ake ba da ita.

Idan za ku ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, a Shika ne ko wani wuri, ku tafi da faifan hoton kansa, takardar rahoto kaɗai ba ta isa ba. Ku tambaya tun kafin aiki ina za a yi gwajin IDH da na 1p/19q, wani gwajin ƙwayar gado da ke ƙara bambance nau'in ƙarin, don ba kowane ɗakin gwaji ke yi ba. Gwajin rini na IDH kan kama kusan 9 cikin 10 na masu sauyin. Idan bai nuna ba a mai shekarunsa, ana zurfafa bincike. Ku kuma nemi a adana tsokar da aka daskarar cikin kaki, ita ake aikawa wani wuri idan buƙata ta taso. Kafin nan kada ya yi fashin maganin jijjiga, kuma ya haƙura da tuƙin mota ko babur.